Farantin Inna: A Gyara Ko A Ɗora A Sikeli?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan ƙarfe. Bayan sadakar arba'in ɗin Innarmu, Allah ya jiƙanta, mun shiga kwashe kayanta a gidanmu na Tudun Wada, sai muka ci karo da wani babban farantin tagulla a ɗakin shirgi, wanda ke jikin turken awaki. Na san shi tun ina yarinya, na kakarmu ne, da shi aka yi mata jere. Faɗinsa ya kai murfin tukunyar biki. Adon jikinsa ba zane ba ne irin wanda ake ja da tsinke, tasowa ya yi tudu-tudu, in ka shafa sai ka ji ganye da curi-curi a ƙarƙashin yatsa. Amma ya loɓa ta gefe ɗaya, ya tsage kaɗan kusa da baki, ga baƙi ga kore. Yayanmu ya ce a kira 'yan jari-bola su auna a raba kuɗin kowa ya huta. Ni dai raina bai ba ni ba. Akwai mai iya gyaran irin wannan a Kaduna, ko wahalar banza zan sa kaina?

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Kafin ki kira kowa, ki samo maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne, ki manna masa. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, babu abin damuwa a kai. In bai kama ba, ki kifa shi ki ɗauko mana hoton bayansa. Mu in an kawo irin wannan shago, bayan muke fara dubawa.

Maman Hanifa:
Na gwada da na firji, bai kama ba. Ga hoton bayan nan. Duk inda gaba ya yi tudu, baya rami ne. Kuma cikin ramukan cike yake da 'yan ƙananan tabo kamar inda kaji suka yi tsattsaga.

Baba Maƙeri:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. 'Yata, Allah ya gafarta wa mahaifiyarki. Na sa an buɗa mini hoton sosai na duba. Kada ki bari wannan ya hau sikeli.

Waɗannan tabon da kika ce na kaji, kowane ɗaya bugu ɗaya ne na muntalaga. Aikin hannu ne. Mu asalinmu Bida ne, mahaifina daga Tswata Mukun ya taso, unguwar maƙeran tagulla, ni kuwa a Tudun Nupawa aka haife ni, kuma irin wannan aikin na buɗi ido na gani. Ba zan rantse cewa daga Bida ya fito ba, don Kano ma an yi, amma yadda ganyen ke bin juna yana kewaye farantin, hannun mutanenmu ne nake gani.

Ga yadda ake yi. Za a fara da fallen tagulla a buge shi ya zama faranti sumul. Sai a zana abin da ake so a bayansa. Ba a ɗora shi kan uwar maƙera a buga ado, don ƙarfe kan ƙarfe babu inda tudun zai tafi, sai dai ya baje. Abu mai ɗan laushi ake sa masa a ƙasa: kututture mai rami, ko curin dalma, ko danƙo. Sai ka ɗauki 'yan ƙarafan bugu, kowanne da irin bakinsa, wani mulmulalle, wani mai faɗi, wani siriri kamar bakin tsuntsu, kana ɗorawa kana bugu, kana matsawa kaɗan kana bugu. Tagullar tana miƙewa tana kumbura ta ɗaya gefen. In tudun ya isa, sai a juyo gaba a bi gefen kowane ganye a danna shi, a nan ne adon zai fito ras. Ba a cire ko ƙwayar gero daga jikin ƙarfen, tura shi kawai ake yi. Wannan ne bambancinsa da wanda ake ƙwaƙule da kurfi, da kuma zubi, wanda ake narkarwa a zuba. Na zubi ya fi kauri da nauyi, bayansa ba ya bin gabansa, kuma sau da yawa za ki ga 'yan ƙananan huji kamar na ƙuraje.

Irin girman nan, mutum zai yi makonni a kansa.

Abba Mai Get:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma tambaya: makonni fa kuka ce. Me ya sa ba za a gasa shi ya yi ja a buge shi lokaci ɗaya ba? Ai da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Baba Maƙeri:
Yaro, wannan karin maganar ta maƙeran baƙi ce, masu fartanya da lauje. Mu maƙeran fari da sanyi muke bugu. Ka bugi tagulla tana ja, ta dare maka kamar ƙosai ya sha mai. Wuta dai muna sa ta, amma don ta huce fushi ne. In ka yi ta bugunta sai ta yi tauri, har amonta ya canza, daga nan in ka ƙara sai tsagewa. Sai a mayar da ita kan gawayi, a ja zugazugi har ta yi ja kaɗan, a bar ta ta huce, a wanke, a koma bugu. Faranti ɗaya yana iya komawa wuta sau da yawa kafin a gama.

Injiniya:
Abin da Baba ya faɗa shi muka karanta a makaranta, sai dai mu da allo, su da kunne. Bugu yana cunkushe ƙwayoyin da ke cikin ƙarfe su rasa inda za su motsa, zafi kuma yana ba su damar sake jeruwa. Tagulla gami ce ta jan ƙarfe da zinki, in aka wuce kima wajen gashi zinkin ke fara ƙonewa, shi ya sa ba a bari ta yi jawur.

Amma ni abin da ya ja hankalina shi ne turken awaki. Maman Hanifa, ina kyautata zaton awakin nan ne suka tsaga miki faranti, ba da ƙafa ba. Tagullar da ta sha bugu tana riƙe da wani ɗauri a jikinta, in ta daɗe tana shaƙar amoniya tare da danshi sai ta tsage da kanta, ko ba a taɓa ta ba. Fitsarin dabbobi kuwa yana fitar da amoniya, ita ce zarnin nan da ake ji. Sojojin Ingila sun sha wannan a Indiya: da damina sukan adana harsasai a bargar dawaki, in an fito da su sai a tarar kwanson tagullar ya tsattsage. Sun daɗe suna ɗora wa yanayi laifi kafin a gano fitsarin dawaki ne. Don haka abu na farko, ki fitar da shi daga ɗakin nan yau.

Na biyu, kada ki kai wa mai waldar lantarki. Fallen ya yi siriri, musamman kan tudun inda ya miƙe, sanda ɗaya zai ɓula shi. Wanda ya iya, ɗan huji zai yi a ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, sannan ya like da gamin azurfa da wutar gas.

Maman Hanifa:
Ikon Allah! Ashe akuyar Inna ce mai laifi. Na ɗauko shi, yana ɗakina yanzu.

Hajiya Uwargida:
Kun tuna mini da baya. 'Yan yanzu ba za su gane matsayin tagulla a ɗakin mace ba. Iyayenmu sun ba mu labari, da ƙore da akushi ake jere, sai tasoshi suka zo. Wadda aka jera wa tasa, to gidansu akwai hali. Ni lokacin aurena langa da kwanonin sha masu fenti sun riga sun cika kasuwa, ja da shuɗi da furanni, a jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kowa ya ce su ne zamani, tasa ta zama kayan tsofaffi, ana turawa ƙarƙashin gado. Bayan nan tangaran ya kori langa, kula ta zo, yanzu kuma amarya sai an cika mata kicin da abin da ko sunansa ban iya ba.

Abin da nake so in faɗa: ina langar tawa? Fentin ya ɓare, tsatsa ta ci gindinta, ko ɗaya ban da ita. Amma tasar kakata guda ɗaya da ta tsira tana nan, in na goge ta da tsamiya da toka kamar jiya aka ƙera. Sauran kuwa da hannuna na ba wani mai yawo da kura, ya ba ni robobin wanki. Har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Hanifa, ki ce wa Mamanki ta riƙe abinta.

Ɗalibar Zariya:
Ina jin daɗin zauren yau. Ni ɓangaren zane nake a Samaru, kuma mun yi wannan a aji da fallen jan ƙarfe, kan kwalta da aka dafa da kitse da garin jan bulo. Faransawa suna ce masa rafuse, ma'anarsa abin da aka turo daga baya, daidai da bayanin Baba. Tsohuwar sana'a ce ƙwarai. Fuskar zinariyar nan ta Fir'auna Tutankamun, wanda aka gano kabarinsa a Masar a 1922, fallayen zinariya ne aka buga, nauyinta kilo 10 da 'yan kai. Mutum-mutumin 'Yanci da ke Niyok a Amurka, wanda aka ƙaddamar a 1886, mutane na ɗauka zubi ne. Fallayen jan ƙarfe ne masu kaurin milimita 2.4 kacal, aka yi ta bugunsu cikin ƙirar katako a Faris, sannan aka haɗa su kan ƙarafa. Koren da ya yi kuwa irin na farantin Anti ne, iska da ruwa ne suka rina shi.

A nan gida, mutane na haɗa kayan Bida da na Bini, alhali hanyarsu daban. Na Bini, waɗanda Turawan Ingila suka kwashe a 1897, zubi ne: a gina siffa da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Shi kuma jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ibn Batuta ya je Takadda, wajen Agadas, a 1353, ya ba da labarin sandunan jan ƙarfe da ake ciniki da su kamar kuɗi, ana kai su har Gobir da Barno.

Abin da ya dame ni shi ne sunan. A aji da Turanci muke kira. Baba, ku me kuke ce wa wannan aikin da Hausa?

Baba Maƙeri:
Mu dai cewa muke a buga masa ado, ko a tayar masa da zane. Masu ciniki daga Kano na ji suna cewa naƙashi.

Malam Na Bakin Masallaci:
Naƙashi daga Larabci ne, amma yana ɗaukar duk wani ado da aka yi wa ƙarfe ko itace, mai tudu da mai rami. Ɗaliba, Allah ya ƙara basira, sai dai misalanki duk na fir'aunoni da gumaka ne. Wanda Allah ya kai shi Makka ya tsaya gaban ƙofar Ka'aba ya ga yadda ayoyi da ado suka taso a jikin zinariya. An yi ƙofar nan ta yanzu a 1979, zamanin Sarki Khalid, da zinariya kimanin kilo 280. Ku lura kuma, maƙeranmu ganye da dagi da zobba suka fi bugawa, ba su cika zuwa ga mai rai ba.

Ɗalibar Zariya:
Na karɓi gyara Malam, amma hanyar aikin nake nunawa, ba abin da aka siffanta ba.

Shugaban Zaure:
Dukkanku kun yi daidai. A bar wannan reshen a nan don Allah, kar mu bar farantin baiwar Allah a hanya.

Baduku:
Tunda an zo maganar tayar da zane, mu ma dukawa muna da kaso. Sai dai namu akasin na Baba ne: mu ta gaba muke dannawa. Za ka jiƙa fata kaɗan, ba sharkaf ba, ka bari ta sha iska har launinta ya kusa dawowa, sai ka ɗora ƙarfe mai zane a baki ka buga. Inda ka danna ya nutse ya yi duhu, inda ka bari ya zama shi ne tudu. In fata ta jiƙe da yawa zanen zai koma, in ta bushe ba za ta karɓa ba. Kuma ba kowace fata ba. Wadda aka jeme da bagaruwa irin ta gargajiya ita ke riƙe zane. Ta kamfani mai santsin nan, ka buga yau, gobe ta shafe kamar ba a yi ba.

Wanda yake son ganin na da, ya dubi gafakar tsofaffin Alƙur'anai da bangon littattafan malamai, ko kuben takobi da kayan doki ranar hawan Sallah a Zazzau. Gidan Arewa da ke titin Rabah akwai tsofaffin littattafan hannu, wajen gidan tarihi na titin Ali Akilu ma akan samu masu sana'ar hannu. Jar akuyar Sakkwato da fatake suka riƙa haye Sahara da fatarta, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, irin wannan adon suke bugawa a kanta su yi bangon littafi.

Yau kuwa ka zo da jakar da ka kwana uku kana bugawa, mai saye ya ajiye ta kusa da ta roba ya ce waccan ta fi kyau don zanenta ya fi daidaita.

Abba Mai Get:
To ai nan ne nake so a yi gaskiya. Ina girmama su Baba, amma ni ƙofofi nake yi, kuma fallen da nake saye an riga an buga masa ado a inji. Ƙarfe biyu ne, mace da namiji, a sa falle a tsakani, inji ya danna sau ɗaya, fure ya fito. Kafin Baba ya gama ganye ɗaya an buga ƙofa nawa? Ba don kwalliya kaɗai ba ne ma. Falle sumul lanƙwashewa yake yana ƙara kamar ganga, amma in aka tayar masa da tudu sai ya yi ƙarfi, shi ya sa kwanon rufi yake da kwari da tudu. Lambar motarku da inji aka tayar da ita. Hatimin da ke kan takardar shaidar makarantarku haka. Ku shafa dubu ɗaya ta takarda, za ku ji hoton da rubutun sun ɗan taso, da gangan aka yi don a gane ta jabu. Wa zai zauna da muntalaga ya yi wannan?

Talakan da ya gina ɗaki biyu a Rigasa shi ma yana son ƙofa mai fure. In an ce sai na hannu, ba zai taɓa samu ba. Kullum sai a ce araha ba ta ado, ni kuwa na ga tana yi.

Malamar Makafi:
Ban cika magana a nan ba, amma Abba ya taɓo wurina. Ɗalibaina da tudu suke karatu. Rubutun makafi, wanda Bafaranshen nan Luwis Birel ya fitar a 1829, ɗigo shida ne ake sarrafawa, kowane harafi da nasa tsarin tudun. Abin da zai ba Baba dariya: in yaro zai rubuta da allo da tsinke, ta bayan takarda yake dannawa, daga dama zuwa hagu kamar ajami, sai ya juya ta ya karanta daga hagu zuwa dama. Wato shi ma bugun baya yake yi, kuma dole ya riƙe harafin a juye a kansa.

Sai dai littafi guda da hannu, wata nawa ke nan? Ranar da aka samu injin da ke buga mana shafuka, yaran nan murna suka yi kamar Sallah. Don haka ni ba na zagin inji. A wurinmu ma so muke kowane ɗigo ya zama daidai da ɗan'uwansa, in ɗaya ya kauce harafi ya canza.

Baba Maƙeri:
Malama, Allah ya saka miki, yau na ƙaru. Abba, ban ce a fasa injinka ba. Ni kaina ƙofar gidana irin taka ce. Tun muna samari tagulla ta fara tsada, mahaifina da kwanson harsashi da tsofaffin famfuna yake haɗawa ya narkar, daga baya da yawa suka koma goran ruwa, wato alminiyum, don shi talaka ke iya saye. Sana'a ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Abin da ba na so shi ne a sayar da na inji da sunan na hannu, ko a auna na hannu da farashin na inji. Ka ɗauki ƙofarka ka dubi furanni huɗun da ke kusurwa, duk uwa ɗaya uba ɗaya. Ka dubi hoton farantin nan, ka ƙirga ganyen da ke kewaye. Akwai wuri ɗaya wajen hagu da ganye biyu suka matsu, suka fi sauran ƙanƙanta. Mai aikin ya zagayo ne ya tarar wuri ya kusa ƙare masa, sai ya matse su don zoben ya haɗu. Ni ma ya sha faruwa da ni, mahaifina ya sha ranƙwashina a kai.

Maman Hanifa:
Wallahi Baba na duba, ga su nan guda biyu, 'yan ƙanana. Shekara nawa ina ganin farantin nan ban taɓa lura ba.

Baban Walid:
Jama'a, ni ne yayan da ake ta magana a kansa, ina cikin zauren nan tun ɗazu ina karantawa. Ƙanwata ta manta ita ta saka ni. Ba ƙin kayan Inna nake ba. Mu huɗu ne magada, faranti ɗaya ne, ba a yanka shi huɗu. Ƙannenmu biyu suna da buƙata. Na ga sikeli ne kaɗai ba ya son kai.

Maman Hanifa:
Yaya, tuba nake. Ban ce ka yi laifi ba.

Malam Na Bakin Masallaci:
Baban Walid yana da hujja, kuma abin da sauƙi. Abin da ba ya rabuwa, ƙima ake yi masa, wanda yake so ya riƙe ya biya sauran rabonsu, da yardar kowa. Amma a kula: ƙimar ita ce abin da zai yi a kasuwarsa ta gaskiya. Ba daidai ba ne a yi masa kuɗin kilo don ya zo wa mai riƙewa da araha, bayan an ji daga bakin masana cewa aikin da ke jikinsa ya fi ƙarfen. Haƙƙin 'yan'uwa ne. A samu mutum biyu da suka san kayan, ba masu niyyar saye ba, su faɗi kuɗinsa a yadda yake yanzu, kafin gyara.

Ɗan Panteka:
Anti kin ga ta juyo kanki. Da kin yi shiru da kin same shi a kuɗin kilo! Amma a gaskiya Malam, kasuwar tasa ce matsala. Masu sayen kayan da, irin na Kasuwar Kurmi a Kano, su ke ba shi daraja, su ma sai sun ga mai so. Tsagar nan kuma za ta rage masa kuɗi sosai. Mu a nan abin da ke zuwa ta hannun 'yan kura narkarwa ake yi, a zuba wani abu. Na sha ganin tasa mai ado an taka ta da ƙafa don ta shiga buhu. Ranar da na ce wa maigidana a ware irinsu, cewa ya yi in na samo mai saye in zo mu yi magana.

Amaryar Kawo:
Afuwan, ni tambayata ta gefe ce. Ina da 'yar butar tagulla mai irin wannan adon, ta yi baƙi. Zan iya sa soson ƙarfe? Maƙwabciyata ta ce ruwan batir yana fitar da shi nan take.

Baba Maƙeri:
Kul! Soson ƙarfe kan tudun yake ci, nan ne kuma ya fi siriri. Ruwan batir kuwa zai cinye ta ya cinye hannunki. Ki jiƙa tsamiya ko ki matse lemun tsami, ki shafa da tsumma, ki ɗauraye sosai, ki shanya ta bushe ƙarau. Baƙin da ke cikin kwarin zanen ki bar shi, shi ke sa tudun ya fito.

Injiniya:
Ƙari kaɗan: kada a ajiye abu mai tsami a cikin tagulla ko jan ƙarfe, irin nono, kunun tsamiya ko zoɓo, sai in an shafe cikin da kuza. Tsami yana narkar da koren nan cikin abinci, kuma yana ɓata ciki. Goro, dabino, alewa, babu komai. Wanda kuma yake son koyo da goran ruwa ya sani shi ba ya yin ja kafin ya narke, a digiri 660 yake zubewa, jan ƙarfe kuwa sai 1085. Sabulu ake goga masa, in sabulun ya yi baƙi a sauke.

Maman Hanifa:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya ni da Yaya muka kai wa Baba farantin. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya saurara, ya ce gefen da ya loɓa sai ya ga wuta kafin a taɓa shi, in ba haka ba tsagar za ta bi ta nan. Ya ce loɓawar za ta tashi amma ba duka ba, don akwai ganye uku a cikinta, in ya matsa zai shafe su, gara a bar ɗan alama. Ya kuma nuna mana wani tsohon liƙi a bayan baki da ba mu taɓa gani ba, ashe an taɓa gyara shi tun zamanin kakarmu. Baba da wani abokinsa sun yi masa ƙima, ta fi ta kilo nesa, har na ɗan yi zufa. Mun yi waya da ƙannenmu, sun yarda in biya su kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan Sallah. Yaya kuma ya ce nasa rabon ya bar wa Hanifa, da sharaɗin ranar aurenta a kawo masa goro a ciki.

Hajiya Uwargida:
Allah ya yi wa Baban Walid albarka. Allah ya nuna mana ranar.

Abba Mai Get:
Baba, in ba za ku damu ba, ranar da za ku sa shi a wuta ina so in zo in gani. Akwai wani Alhaji da ke ta damuna yana son sunan gidansa a fallen tagulla a jikin get, ya ce ba ya son irin na kowa.

Baba Maƙeri:
Ka zo Asabar bayan la'asar. Ka taho da tsofaffin bawul na mota guda huɗu ko biyar da magagari, da su za ka fara ƙera ƙarafan bugunka, don nawa ba na ba da aro. Ka sayo gawayi ma, na gida ya ƙare.